Gwaggo Ba Ta Son Safiya

Idan za ka tambayi Ajimi aikin da yake yi, ka nemi wurin zama tukuna, domin amsar doguwa ce. Mahaifiyarsa, Ya Falmata, ta daɗe da gajarta wa mutane ita. In maƙwabta suka tambaye ta sai ta ce, "Gadin wata kwamfuta yake yi a Wulari. An ce ba ta son zafi, shi ne yake taya ta zama a ɗakin sanyi." Ajimi ya sha gyara mata. Ya ce ba gadi ba ne, kuma ba irin kwamfutar shagon buga takardu ba ce, wannan sunanta saba. Ita kuwa sai ta ce, "To ai abin da na faɗa ke nan, kun saba."

A unguwar Shehuri ta Maiduguri aka haife shi, a gidan malamai. Mahaifinsa marubucin Alƙur'ani ne, mutumin da zai wuni a kan shafi ɗaya bai gaji ba, ya kuma so ɗansa ya gaje shi. Sai Allah ya ba shi ɗa mai gaggawa. Ajimi bai taɓa jiran tawada ta bushe ba, kullum gefen hannunsa baƙi ne, allonsa kuma duk dabbare. Yana sakandare mahaifin ya rasu, sai ƙanen mahaifiyarsa, Kawu Sa'id, ya ja shi garejinsa na gyaran babura da ke hanyar Kasuwar Monday.

A nan ne halinsa ya fito fili. Shi a ganinsa duk abin da aka ƙera a duniya an ɗora masa kayan da ba ya buƙata, kuma Allah ya halicce shi ne don ya sauke su. Mutum zai kawo babur a canza masa fulogi, ya tafi salla, ya dawo ya tarar an taɓa kafireta, an huda salansa, an cire murfin sarƙa da madubi ɗaya. Babur ɗin zai yi gudu, wannan babu musu, sai dai mai shi zai isa gida da baƙin mai a ƙafar wando. Kawu Sa'id har kwali ya ajiye a ƙarƙashin benci, inda yake tara abubuwan da Ajimi ya cire, saboda ya san masu su za su dawo nema. 'Yan acaɓa matasa suna son sa. Dattawa kuwa in suka hango shi kaɗai a gareji, sai su ce za su dawo anjima.

Duk da haka yaron yana da kai. Ya shiga jami'a ya karanta kimiyyar kwamfuta, da safe aji, da yamma gareji. Ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo ya yi ta yawon neman aiki har takalminsa ya cinye, daga ƙarshe ya rataye takardarsa a bangon ɗaki ya koma ɗaukar sifana.

Sai aka hana hawa babur a Maiduguri, saboda a kansu masu bindiga suke zuwa su yi harbi su ɓace. Aka wayi gari titi shiru, kamar an toshe wa garin hanci. Kawu Sa'id, da yake dattijo ne mai saurin karɓar ƙaddara, ya koma gyaran keke mai ƙafa uku. Ajimi ya gwada, zuciyarsa ta ƙi. Ya ce wannan akwati ne aka sa wa taya, ko me ka cire masa ba zai yi gudu ba. A lokacin ne kuma Shehuri ta yi zafi. Harbi ya zama ruwan dare, kuma duk saurayi abin zargi ne a wurin sojoji da masu bindiga duka. Wata rana Ya Falmata ta ɗaure alƙaluman mijinta a cikin zane, ta sa wa gidan kwaɗo, suka koma unguwar Mairi, wurin wata 'yar'uwarta. Ajimi ya yi watanni yana zaune a ƙofar gida, hannunsa na ƙaiƙayi, har rediyon masu gidan ya kwance ya mayar, ta rage tasha biyu.

Hanyar aiki ta zo masa ta hannun Manasse, wani malamin makaranta da shi ma yake zaune a Mairi, wanda a da Ajimi ya taɓa cire wa babur ɗinsa jiki har ya yi fushi. Matarsa Naomi ita ce shugabar ɗakin gwaji a wata cibiyar gwajin jini da ɗaukar hoto a Wulari, ta wani likita da ya yi ritaya, Dakta Pindar. Kullum sai ta dawo gida tana mitar kwamfutar wurin aikinsu. Manasse ya gaji da ji, ya ce, "Akwai wani yaro a layin nan da ya karanta abin. In dai gudu kuke so, zai ba ku gudu. Amma ku ƙirga kayanku kafin ya shiga."

Cibiyar tana da kwamfutoci a wurin karɓar marasa lafiya, da ɗakin gwaji, da ɗakin hoto, amma dukkansu ba su riƙe komai a cikinsu. Sunan mara lafiya, da lambar kwalbar jininsa, da sakamakonsa, duk suna wurin babbar kwamfuta guda ɗaya, wato sabar, wadda aka ajiye a wani ɗan ɗaki mai na'urar sanyi a bayan ofishin Dakta. Wani kamfani daga Legas ne ya kafa ta, ya sa mata babbar manhajar Linux, irin wadda manyan ma'aikatu ke amfani da ita. Injiniyansu ya zo sau ɗaya ko biyu, da gari ya rikice sai ya koma ba da shawara ta waya, daga baya wayar ma ta fara yi masa nauyi.

Dakta Pindar mutumin Biu ne, mai sanƙo da sanyin murya. Ya dubi takardar Ajimi, ya dubi farcensa da har yanzu akwai ragowar baƙin mai, ya ce, "Ka san Linux?"

"Mun gaisa a jami'a, ranka ya daɗe."

"To, ka shiga ku ƙara gaisawa. Madam Naomi za ta gaya maka ciwonta."

Madam Naomi doguwar mace ce mai tabarau, ta girme shi nesa ba kusa ba, kuma tun ranar farko ta laƙaba masa Injiniya, da wani irin jan murya da ba ka iya cewa yabo ne ko tsiya. Sabar ma tana da suna a wurinta: Gwaggo. "Saboda in ka aike ta da safe," in ji ta, "sai ta nemi takalmi, ta nemi mayafi, ta tsaya gaisawa a hanya. Ka danna sunan mutum, ka je ka sha ruwa ka dawo, bai fito ba. Ga jama'a kullum ƙaruwa suke, tun da mutanen ƙauyuka suka fara shigowa gari."

Ajimi ya shiga ɗan ɗakin, ya rufe ƙofa, ya ji sanyi ya ratsa shi, ya ji gurnanin fankokin injin, sai hawaye ya kusa zubo masa don daɗi. Ya kwashe kwanaki yana karanta littattafan bayani da ke cikin manhajar kanta, yana tuno abin da aka koya masa, yana leƙa intanet ɗin Dakta in ta ga dama ta yi aiki. Sannan ya naɗe hannun riga.

Abin da ya fara cirewa shi ne fuskar ado, mai hotuna da launi, ya bar baƙin allo da fararen rubutu kawai, domin a cewarsa sabar ba amarya ba ce. Mai shara ta leƙo ta gani, ta je ta ba da labari cewa sabon yaron ya kashe Gwaggo. Sai ya buɗe jerin ƙananan manhajojin da ke tashi tare da injin suna aiki a ɓoye, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wanda bai gane amfaninsa ba ya kwantar da shi. Ya lura cewa injin yana saurin kwashe abubuwa daga ram, wato ma'ajinsa na kusa mai sauri, yana kai su faifai, babban ma'ajinsa na dindindin, inda ɗauko su ke da wuya, alhali ram ɗin bai cika ba. Ya rage masa wannan ɗabi'a. Ya ƙara wa rumbun bayanan marasa lafiya kaso mai tsoka a cikin ram ɗin. Da la'asar ya gwada: ya danna suna, kafin ya ɗaga yatsa ya fito. Ya kira Dakta ya nuna masa, ya kira Madam Naomi, har mai gadi ya kira.

"Gobe za ku ga aiki," in ji shi.

Washegari da ya iso da hantsi, ya tarar da Madam Naomi da 'yan ɗakinta suna rubuta sakamako da biro, layi ya kai bakin ƙofa.

"Sannu da zuwa, Injiniya. Gwaggo dai tana nan da nawarta, amma an samu ci gaba. Yau ta daina rubutu gaba ɗaya."

Ashe cikin waɗanda ya kwantar har da mai kai aiki wurin firinta. Ya ruga ya tashe shi, ya fito yana bayanin cewa irin wannan yakan faru ko a Amurka. Madam Naomi ta ce ba ta taɓa zuwa ba, amma ta yarda.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa game da Ajimi a wancan lokacin: bai taɓa ganin nawar Gwaggo da idonsa ba. Daga Mairi zuwa Wulari shingayen bincike ne birjik, a wasu ma sai fasinja ya sauka ya wuce a ƙafa hannuwansa a sama. Wannan ita ce hujjar da yake bayarwa, kuma gaskiya ce. Ɗaya hujjar da ba ya bayarwa ita ce barcin bayan asuba, wanda ya ɗauka haƙƙinsa ne na gado. Kafin ya iso rana ta ɗaga, Gwaggo ta warware, sai ya zauna ya gwada ya ga komai garau. A hankali ya fara zargin cewa ciwon ba a injin yake ba. Wata rana ya ce wa Dakta, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, ina ganin yatsun ma'aikata ne ba su saba ba." Bangon ofishin na katako ne. Madam Naomi ta ji, sai ta daina ajiye masa ƙosan da take sayowa a hanya.

Da mitar ta ƙi ƙarewa, sai ya ce bari ya yi mai gaba ɗaya. Ya gano cewa duk lokacin da aka shigar da wani bayani, manhajar tana tsayawa sai faifai ya tabbatar mata cewa ya rubuta, sannan ta wuce gaba. Wannan jira ya ba shi haushi. Littafin bayanin ya yi gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa kada a kashe wannan sai inda wuta ba ta yankewa. Ajimi ya karanta, ya ce Turawa akwai tsoro, ya kashe.

Ba a yi mako ba janareto ya yi tari da tsakar safiya ya mutu. Batirin ko-ta-kwana da ke ƙarƙashin sabar ya daɗe da zama ado. Da wuta ta dawo, rumbun bayanan ya tashi da rauni, Ajimi ya yi ta fama har ya miƙe, amma duk abin da aka shigar tun safe ya tafi. Kwalaben jini suna jere a kan tebur, kowace da lambarta, babu wanda zai ce wannan lambar ta wane ce. Madam Naomi ta ce ba za ta yi wa jinin mutane canki-canka ba. Dole a sake ɗiba.

Yawancin mutanen suna nan a benci, suka yi gunaguni suka miƙa hannu. Amma akwai wata tsohuwa, Ya Yagana, da ta gudo daga wajen Bama, ramammiya, wadda da safe aka sha wuya kafin a sami jijiyarta. Ba ta jin Hausa, kuma ma'aikaciyar da ke jin Kanuri ta fita. Madam Naomi ta leƙa ɗakin sanyi ta ce, "Injiniya, zo ka yi mata bayani da yarenku. Kai ka fi kowa sanin abin da ya faru."

Ya durƙusa a gabanta ya gaishe ta. Ta tambaye shi ina jinin da aka ɗiba ɗazu. Ya ce yana nan, sunanta ne ya ɓace a cikin inji, kuma shi ne ya jawo. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta zare hannunta daga cikin mayafi, siriri kamar kara, da audugar ɗazu manne a gwiwarsa.

"Ɗiba, ɗana," in ji ta da Kanuri. "Amma ka gaya wa injin naka wannan ne na ƙarshe. Waɗanda suka kore mu ba su bar mini da yawa ba."

Ya riƙe mata hannu har aka gama, sau uku allura tana shiga tana fita. Da ya koma ɗakinsa, abin da ya fara yi shi ne mayar da wancan jiran da ya kashe. Ya ɗauki waya zai kira mutumin Legas, sai ya tuna ai kwanakin nan an katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Babu wanda zai tambaya.

Dakta Pindar bai ɗaga murya ba, don ba ya ɗagawa. Ya ce kawai, "Madam Naomi ce aka ɓata wa aiki, ita za ta yanke hukunci." Ita kuwa ta cire tabarau ta goge, ta ce, "Daga gobe, da an ɗage dokar hana fita, maigidana, Baban su Vivian, zai tsaya maka a bakin layi, mu taho tare. Kuma ba ɗakin sanyi za ka shiga ba. Wurin karɓar marasa lafiya za ka zauna, kai za ka shigar da sunaye, tun da yatsunka sun fi namu sabawa."

Haka aka yi. Ajimi ya ga safiyar Maiduguri da bai gani ba tun yana ɗan makaranta, idonsa jajur, Manasse yana tuƙi yana tambayarsa ko yana ganin akwai abin da ya kamata a cire wa motar. Suna isa mai gadi ya tayar da janareto, domin cibiyar ba ta kwana da kowa. Tun da aka sa dokar hana fita, kafin magariba ake kashe komai a rufe, sai firjin magunguna kawai da ke kan nasa batirin. Aka kunna Gwaggo. Mutum na farko, na biyu, na uku, komai lafiya. Ajimi ya fara gyara zama, yana satar kallon Madam Naomi. Sai a kan wani dattijo mai ciwon suga allon ya tsaya cak.

Ya danna, ya sake dannawa. Dattijon yana tsaye ya dogara da tebur, yana kallon sa. Na bayansa suna leƙe. Wata mata mai goyo ta sauke ajiyar zuciya a daidai kunnensa. Dattijon ya ce, "Yaro, ko in rubuta maka ne?" A tsawon rayuwarsa Ajimi bai taɓa sanin cewa jira yana da nauyi haka ba in idon mutane na kanka.

Ya nemi izini ya ruga ɗakin sanyi. Fitilar faifai, wadda ya saba gani tana ƙyaftawa jefi-jefi, yau a kunne take ɗif. Ya buɗe manhajar da ke nuna wanda ke cin ƙarfin injin a daidai lokacin, abin da ya kamata ya yi tun ranar farko. Ƙwaƙwalwar injin tana hutawa, ram bai cika ba, duk wuraren da ya sha wahalar gyarawa lafiyarsu ƙalau. Faifai ne ke nishi. Wasu ayyuka ne suka taru a kansa: mai kwafe dukkan bayanai da hotuna zuwa faifan ajiya, da mai bin kowane fayil yana jera sunayensu, da mai matse tsofaffin rahotannin injin, da mai binciken ƙwayar cuta. Ya bi sawunsu ya ga wanda ya aiko su. Mutumin Legas ne ya tsara su yi aiki da dare, lokacin da babu kowa, kuma tsari ne mai kyau a garin da inji ke kwana a kunne. Amma manhajar tana da wata ƙa'ida: in lokacin aiki ya wuce tana kashe, to da ta farka sai ta yi shi.

Ya fito yana dariya shi kaɗai, har masu layi suka fara matsawa.

"Madam, na gano! Ba nawa ba ce. Ramuwa take yi."

"Ramuwar me?"

"Ayyukan dare. Muna kashe ta da yamma, su wuce ta, da safe sai ta ce ba za ta kula kowa ba sai ta rama su duka."

Madam Naomi ta riƙe haɓa. "Ashe Gwaggo ta fi ka riƙon addini. To yanzu me za ka cire?"

Gaskiya hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Layin rubutu huɗu ne kawai, ya goge su kowa ya huta. Amma mai kwafin nan shi ne abin da zai cece su ranar da faifai ya mutu, kuma ya riga ya ga yadda ɓatan suna yake. Ya ce, "Ba zan cire komai ba."

Dakta Pindar, da ke wucewa da kofin shayi, ya tsaya ya ce a maimaita masa, bai ji da kyau ba.

Abin da Ajimi ya yi shi ne ya mayar da ayyukan lokacin azahar, sa'ad da layi ke yankewa, masu salla su tafi salla, saura su buɗe kwanon abinci. Ya raba su, kada su taso a tare. Ya kuma rage musu matsayi a wurin faifai, yadda duk lokacin da wani ma'aikaci ya nemi abu, mai kwafi zai dakata ya ba shi hanya. Daga nan ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a da ta ba Kawu Sa'id mamaki da ya ji labari: abu ɗaya yake canzawa a rana, ya jira safiya ya ga abin da ya haifar, in bai ƙara komai ba ya mayar yadda yake. Da ya bi gyare-gyarensa na farko da wannan ma'auni, sai ya tarar kusan rabinsu ba su tsinana komai ba, ban da faranta masa rai. Ya kuma bi Dakta da naci har aka sayo sabon batirin ko-ta-kwana.

Safiya ta gyaru. Layi ya riƙa tafiya, ana danna suna yana fitowa. Abin da ya ɓata wa Ajimi rai shi ne babu wanda ya lura. Mutane ba sa zuwa su ce yau ba mu jira ba. Ya yi kwanaki yana zagaya wurin karɓar marasa lafiya, hannu a baya, yana gyaran murya, ko wani zai yi magana. Daga ƙarshe ya tambayi Madam Naomi kai tsaye yaya take ganin Gwaggo yanzu.

"Wace Gwaggo?" in ji ta, idonta a kan madubin gwaji. "Au, na ma manta da ita."

Ya juya zai tafi, ransa a jagule, sai ta ce, "Akwai ƙosai a leda a kan firji. Ka ɗauka tun da zafi."

Kada a ɗauka cewa mutum yakan canza gaba ɗaya. Bayan shekara biyu ya auri Muhsinat, malamar lissafi a wata firamare a Mairi, mace mai haƙuri da ba ta cika magana ba. Ba su yi wata ba ya lura cewa tana yawan kai-komo a kicin, sai ya jira ta tafi makaranta ya sake wa kayan miyarta tsari, waɗanda aka fi amfani da su a kusa, saura a sama, ya kuma juye su a gwangwanaye iri ɗaya don su yi kyau. Da daddare aka ci miyar kuɓewa da sukari. Muhsinat ta ci nata, ta ƙara masa miya, ta zauna tana kallo har ya cinye. Tun daga ranar iyakarsa bakin ƙofar kicin, kuma ko tulu yake so a matsar sai ya nemi izini.

Shekaru suka tafi, gari ya ɗan sarara, dokar hana fita ta yi sauƙi, ƙungiyoyin agaji suka cika unguwanni da fararen motoci. Wasu sun nemi ɗauke shi, ya je ya ga ofisoshinsu, ya tarar ba a barin mutum ya taɓa komai sai an nemi izini daga wata ƙasa, ya dawo wurin Dakta. Sai kuma aka kayar da turakun wutar da ke shigowa gari, Maiduguri ta shiga duhu na watanni masu yawa, man janareto ya yi wuya. Dakta ya sa faranta masu zuƙar hasken rana a kan rufi, amma batiran ba za su iya ɗaukar firjin magunguna da na'urar sanyi da sabar a lokaci guda ba, musamman da bazara. Ajimi ya zauna ya yi nazari, sannan da hannunsa ya rage wa ƙwaƙwalwar injin gudu don ta rage shan wuta da zafi, ya sa faifan ajiya ya riƙa barci sai an neme shi. Wata sabuwar ma'aikaciya, Ladi, ta ce tana jin kamar kwamfutar ta ɗan yi sanyi. Ya ce mata eh, da gangan ne, firji ya fi ta buƙata.

A cikin wannan duhun ne Madam Naomi ta yi ritaya. Manasse ya riga ta ajiye aiki, 'ya'yansu sun watse, suka ce za su koma Biu su yi noma. Aka yi ɗan taro a farfajiyar cibiyar, da lemo da cincin. Dakta ya ce Ajimi ya faɗi kalma biyu. Ya miƙe da niyyar gode mata, amma da ya buɗe baki sai ya kama abin da ya fi sani. Ya shiga bayanin yadda faifai ke jera buƙatun da suka zo masa, da dalilin da ya sa ba a yarda da gwajin la'asar. Dakta ya yi tari, ya sake yin tari. Mai gadi ya fara gyangyaɗi. Madam Naomi ta ɗaga hannu ta ce a ƙyale shi ya gama, ita ta gane abin da yake faɗa, tana yi tana goge ido da bakin ɗankwali.

Shi ya ɗaure musu kaya a kan mota, ya duba taya da ruwa da birki. Hanyar kusa ba ta biyuwa a lokacin, sai sun zaga ta Damaturu, kuma kowa ya san abin da ake tsoro a kan wannan titin. Suka tashi da sassafe don su shiga ayarin farko. Ranar Ajimi bai iya zama a ɗakin sanyi ba, ya yi ta shiga yana fita, waya a hannu, ya kira sau da yawa ba ta shiga. Sai bayan la'asar ta yi ƙara.

"Injiniya, mun iso. Ƙura kawai muka sha. Ka gaya wa Dakta, ka gaida Muhsinat da Ya Falmata."

Ya fito tsakiyar cibiyar ya ɗaga murya ya ce sun isa lafiya. Masu cewa alhamdu lillahi suka ce, masu cewa mun gode wa Ubangiji suka ce, har marasa lafiyar da ba su san wa ake nufi ba suka taya. Dakta Pindar ya leƙo daga ofis ya gyaɗa kai ya koma. Ladi ta gyara zama a gaban kwamfuta, ta kira na gaba a layi.